Hayar Suna

Talata da Alhamis, in kasuwar San Camilo ta watse,
nakan hau matakala goma sha bakwai
zuwa ɗakin da ke saman kantin magani.
Farin allo, alƙalami mai shirin ƙafewa,
da taga ɗaya inda dutsen Misti ke leƙen Arequipa,
furfurar ƙanƙara a kansa,
dattijon da bai taɓa biyan kuɗin aji ba.

Su tara ne. Turanci suka zo saye,
ba na gaisuwa ba, ba na zance ba,
na takardar nan mai shafi tamanin
da kamfani ke aikowa daga ƙetare, ya ce:
ga sunana, rataya a ƙofarka,
ga launin fentina, ga rigar yaran kanti,
ga faɗin murmushin da za ka yi.
Kai kuma shida cikin ɗari duk wata,
tun kafin ka cire haya, tun kafin gumi ya bushe.

Na fara musu da mai bayarwa da mai karɓa.
A Turanci tagwaye ne,
kai ɗaya, ciki ɗaya, wutsiya ce ta raba su.
Na ce ku lura da wutsiya:
ɗaya kaɗawa take, ɗaya taka ta ake.

Eusebio Ccama, shekara ashirin da biyu a tasi,
ya sayar da motar don kantin soyayyar kaza.
Na nuna masa ƙananan kalmomi biyu:
mai harafi biyar, ita ce dole,
mai harafi uku, ganin dama.
Ya kwana da jan biro yana ƙirga.
Dole arba'in da ɗaya a wuyansa,
ganin dama goma sha tara a aljihunsu.
Ya ce, Malama, wannan nahawu ne ko linzami?

Mako na shida muka shiga sharaɗi.
In na sayar, zan biya. Suka amsa.
Da na sayar, da na biya. Suka amsa.
Da na sani, da ban sa hannu ba.
Wilber ɗan autan aji ya kece da dariya.
Eusebio ya dubi takalminsa.
Na ce wannan jimlar a ƙeya take zama,
ku riƙe ta don jarrabawa,
Allah kada ya sa ku neme ta a ofishin lauya.

Can kujerar baya Nélida Huarca take,
mai sayar da daskararriyar madara da kirfa,
yatsunta ja wur don juya ƙanƙara.
Wata biyu, ko tarinta ban sani ba.
Ranar kwaikwayon ciniki na miƙa mata kati,
ta duba, ta mayar mini.
Ba ni ɗaya wutsiyar, in ji ta.
Kakata ta juya bokitin nan shekara hamsin.
Wani ya tambaya daga Santiago,
wata ta rubuto daga Toronto.
Ba hayar suna na zo ɗauka ba,
nawa zan ba da.

Ta miƙe, ta fuskanci Wilber,
Turancinta na ɗingishi amma bai zauna ba:
Ni na ba ka sunan.
Madara ta gaske, dole.
Kirfa a niƙa da safe, dole.
Murmushi kuwa, in ka ga dama.

Kuskure uku na ƙirga a jimla huɗu.
Jan birona bai bar aljihu ba.

Da suka sauka, na tarar da kofi a kan tebur,
ƙaramin cokali a tsaye cikinsa.
Na ce bari in gama duba takardu tukuna.
Kafin in kai ta Eusebio ya narke,
sai na ɗaga na kurɓe.